Ma'aikatan Laburare a Fagen Gwagwarmaya: Yadda Dabarun Bincike Suka Fita Kan Titi a Amurka

In aka ambaci laburare, abin da galibi ke faɗo wa mutane a rai shi ne gini mai tsit, da kantoci cike da littattafai, da wani ma'aikaci wanda ba shi da aiki sai buga hatimi da tsawata wa masu surutu. Wannan siffa tana da ƙamshin gaskiya, amma ta bar babban abu a baya. Dukiyar laburare kashi biyu ce. Akwai littattafai da jaridu da takardun hukuma, waɗanda ido ke gani. Akwai kuma sanin hanyar da ake bi a kai gare su, watau yadda ake gyara tambaya, da inda ake neman amsarta, da yadda ake rarrabe sahihiyar magana da jita-jita. Kashi na farko yana bisa kanta, na biyu kuwa yana cikin kan ma'aikaci, kuma duk inda ma'aikacin ya sa ƙafa yana tafe da shi. Wannan maƙala bayani ce a kan wasu ma'aikatan laburare na Amurka da suka ɗauki kashi na biyun suka kai wa ƙungiyoyin neman adalci, da abin da suka koyar, da gardamar da aikin nasu ya tayar tsakanin abokan sana'arsu.

Tushen Al'amarin

Tun 1939 Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta amince da wata takardar haƙƙoƙin mai karatu, wadda ta ɗora wa laburare nauyin ajiye ra'ayoyi mabambanta ba tare da son kai ba. Amma a jihohin kudancin ƙasar, inda dokokin wariyar launin fata ke aiki, baƙar fata bai isa ya shiga babban laburaren gari ba, ko da kuwa da harajinsa aka gina shi. Ran 27 ga Maris 1961 ɗalibai tara baƙaƙen fata na Kwalejin Tougaloo suka shiga laburaren Turawa na birnin Jackson a Jihar Misisipi, suka ɗauki littattafai suka zauna suna karatu. 'Yan sanda suka kama su, kotu ta ci kowannensu tarar dala 100. A 1964 kuma, lokacin da aka yi gangamin yi wa baƙaƙen fata rajistar zaɓe a jihar, 'yan sa-kai suka buɗe ƙananan ɗakunan karatu a gidaje da majami'u da littattafan da aka tara gudummawa.

A cikin shekarar ce wani ma'aikacin laburare baƙar fata da ke aiki a Jihar Jojiya, E. J. Josey, ya sa ƙungiyar ta ƙasa ta zartar da ƙudurin hana jami'anta halartar tarurrukan rassan jihohi masu nuna wariya. Daga baya shi ne ya zama shugaban ƙungiyar a 1984. A 1969 aka kafa wani sashe a cikinta mai kula da haƙƙin da ke kan ma'aikacin laburare game da al'umma. Daga nan aka sami ɓangare biyu waɗanda har yau ba su gama sasantawa ba: masu cewa ma'aikaci ya tsaya ɗan ba-ruwanmu, da masu cewa wanda ya yi shiru a kan ƙofar da aka rufe wa wasu ya riga ya zaɓi ɓangare.

Birnin Niyok, 2004

Misalin da ya fi fito da al'amarin fili shi ne na ƙungiyar Radical Reference. Ma'anar sunan ita ce teburin amsa tambayoyi na masu neman sauyi daga tushe, kirarinta kuwa shi ne samar da amsoshi ga masu tuhumar mahukunta. Wasu ma'aikatan laburare ne, cikinsu da Jenna Freedman ta Kwalejin Barnard, da James Jacobs, da Shinjoung Yeo, suka kafa ta a tsakiyar 2004. Dalili kuwa shi ne Jam'iyyar Rifablikan ta shirya babban taronta a Niyok daga 30 ga Agusta zuwa 2 ga Satumba don sake tsayar da George Bush takara, ga yaƙin Iraƙi da aka fara a Maris 2003 yana ci, kuma an san jama'a masu ɗimbin yawa za su fito zanga-zanga. Haka kuwa aka yi: ran 29 ga Agusta dubun dubatar mutane suka cika titunan birnin.

Ya kamata a tuna cewa a wancan lokaci galibin wayoyin hannu na kira ne da gajeren saƙo kawai. Mutumin da ya zo daga wata jiha ya tsinci kansa a tsakiyar taro ba shi da hanyar duba taswira ko tabbatar da labari. Saboda haka ƙungiyar ta kasa kanta biyu. Wasu suka shiga cikin taro ɗauke da kundin bayanai da aka tanada tun kafin ranar, mai ƙunshe da taswirori, da hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jadawalin tarurruka, da lambobin lauyoyin sa-kai, da haƙƙin mutum in ɗan sanda ya tare shi, har da wuraren da ake samun makewayi. Wasu kuma suka zauna a gida ko ofis gaban kwamfuta, in tambaya ta fi ƙarfin kundi sai a buga musu waya su bincika su maido da amsa.

Mai karatu na iya raina wannan aiki, ya ce ai nuna wa mutum makewayi ba ilmi ba ne. Amma abin da ya faru a makon ya nuna nauyinsa. 'Yan sanda sun kama mutum fiye da 1,800, aka tsare da yawansu a wani tsohon garejin motocin safa da ke bakin kogi. Mafi yawan tuhumce-tuhumcen daga baya an yi watsi da su, kuma a 2014 hukumar birnin ta yarda ta biya kimanin dala miliyan 18 don kashe ƙararrakin da aka shigar. A irin wannan hali jita-jita ta fi wutar daji gudu. Wani ya ce an rufe titi kaza, wani ya ce an kashe mutum a wuri kaza, kuma taron da ya firgita a kan labarin ƙarya yana iya jefa kansa cikin haɗari na gaske. Kashe jita-jita na daga cikin ayyukan da 'yan ƙungiyar suka ɗaukar wa kansu, watau a nemi inda labari ya fito kafin a bar shi ya wuce gaba.

Bayan an watse taro ƙungiyar ba ta watse ba. Ta ci gaba da karɓar tambayoyi ta intanet daga 'yan gwagwarmaya da 'yan jarida masu zaman kansu, 'yan sa-kanta suka kai ɗaruruwa, aka kuma sami rassa a birane da dama. Sannu a hankali nauyin aiki ya karkata daga ba da amsa zuwa koyar da yadda ake nemo ta, ta hanyar tarurrukan bita.

Abin da Ake Koyarwa

Abu na farko shi ne gyaran tambaya, kuma shi ne asirin sana'ar. Wani masani, Robert Taylor, ya bayyana a 1968 cewa tambayar da mutum ke furtawa a teburin laburare sau da yawa ba ita ce ainihin bukatarsa ba, domin yakan rage ta ko ya sauya ta gwargwadon abin da yake zato za a iya ba shi. Aikin ma'aikaci shi ne ya yi ta jan zaren da tambayoyi har a kai ga bukatar. A ɗauka, alal misali, ƙungiyar 'yan haya ce ta zo tana neman littafi a kan zaluncin masu gidaje. In aka ba ta littafin za ta karanta ta ƙara fushi, amma rufin da ke yoyo yana nan yadda yake. In kuwa aka zauna da ita, sai a gano cewa abin da take so ta sani shi ne wane ne ainihin mai ginin da mambobinta ke ciki, tun da sunan wani kamfani kawai suke gani a rasit. Wannan tambaya tana da amsa, amsar kuma tana cikin rajistar filaye da gidaje ta birni, da rajistar kamfanoni ta jiha, da takardun kotu in an taɓa kai mai ginin ƙara.

Abu na biyu shi ne sanin inda takardu ke kwance. Hukuma, kowace iri ce, ba ta iya aiki sai da rubutu, kuma duk abin da aka rubuta yana da wurin ajiya. A Amurka kamfanin da ke sayar da hannun jari ga jama'a dole ne ya miƙa rahoton kuɗinsa ga hukumar kula da hannayen jari. Ɗan takarar kujerar tarayya dole ne ya bayyana wa hukumar zaɓe waɗanda suka ba shi gudummawa mai kauri. Ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji su ma suna cika takardar shekara wadda kowa ke iya dubawa. Duk waɗannan a buɗe suke, amma buɗewar ba ta amfani wanda bai san da su ba. Manyan kamfanoni da manyan jaridu suna da ma'aikatan bincike da suke biya albashi, ƙungiyar unguwa kuwa ba ta da kowa. Wannan giɓi ne 'yan sa-kan suka nufi cikewa.

Na uku shi ne bin magana har tushenta, abin da Bahaushe ya taƙaita da bambancin ganau da jiyau. A bitar da ake yi wa 'yan jarida masu zaman kansu akan ɗauki rubutu a ja layi ƙarƙashin kowane suna, da kowace lamba, da kowace magana da aka jingina wa wani, sa'an nan a tambayi kowanne ɗaya: daga ina? In jarida ta ce wani rahoto ya ce kaza, sai a nemo rahoton a ga ko haka ya ce, da wanda ya biya kuɗin yin sa, da shekarar da aka tattara alƙaluman. Sau da yawa akan tarar jaridu goma da suka kawo lamba ɗaya duk daga wuri ɗaya suka kwafo, watau shaida ɗaya ce ta sa riga goma.

Na huɗu shi ne neman takardar da ba a fitar ba. Amurka ta yi dokar 'yancin samun bayanai a 1966, wadda ta ba kowa ikon neman takardun ma'aikatun tarayya. Ma'aikata na da kwana 20 na aiki ta ba da amsa, kuma akwai dalilai tara da za ta iya fakewa da su ta hana, kamar tsaron ƙasa da sirrin mutane. Dokar ba ta hau kan majalisa da kotuna ba, jihohi kuma kowace da tata. A aikace jinkiri ya yi yawa, kuma wasiƙar da ta ce a ba ni duk abin da kuke da shi a kan batu kaza takan kwana a tire. Abin da ake koya wa mutane shi ne su ambaci ofishin da ya dace, da irin takardar, da tsakanin ranakun da ake nufi, su ajiye kwafin wasiƙa, su kuma san hanyar ɗaukaka ƙara in an hana su. A nan sanin ma'aikacin laburare game da yadda ake jera takardu da laƙaba musu suna yake yin rana, domin wanda ya san sunan da ofis ke kiran fayil da shi ya fi kusa da samunsa.

Kalmomin Katalog

Akwai wani fage da ya kamata ɗaliban harshe su dakata a kansa. Kowane littafi da ya shiga laburare ana ba shi kan magana, watau kalmar da za a neme shi da ita a katalog, kuma ɗakunan karatu da yawa a duniya suna bin jerin da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya tsara. Wani Ba'amurke, Sanford Berman, yana aiki a laburaren Jami'ar Zambiya a ƙarshen shekarun 1960 ya tarar jerin yana kiran wasu al'ummun kudancin Afirka da kalmar nan da Turawan yankin ke zagin baƙar fata da ita. A 1971 ya buga littafi inda ya tattara kanun magana 225 da ya ga suna ɗauke da raini ga wasu jinsuna, ko addinai, ko mata, ya kuma kawo madadinsu. An gyara da yawa daga ciki a shekarun da suka biyo baya, ko da yake a hankali.

A 2014 wasu ɗalibai na Kwalejin Dartmouth, masu fafutukar haƙƙin baƙin da ba su da takardun zama, suka ci karo da kan maganar da ke kiran irin waɗannan mutane haramtattun baƙi. Ƙorafi kawai ba ya sauya jerin. Akwai ƙa'idar da ake bi, wadda ta haɗa da kawo hujjar cewa marubuta da kafofin labarai sun koma amfani da wata kalma. Ma'aikatan laburaren kwalejin ne suka nuna wa ɗaliban wannan hanya, suka haɗa takardar tare. Da farko aka ƙi. A 2016 Laburaren Majalisa ya sanar zai sauya, sai wasu 'yan majalisar wakilai na Rifablikan suka taso, maganar ta tsaya cik. Sai a 2021 aka maye gurbin kalmar da wasu biyu, ɗaya mai nufin waɗanda ba 'yan ƙasa ba, ɗaya mai nufin shigowa ba bisa doka ba, kuma da yawa daga masu fafutukar ba su gamsu da ta biyun ba. Shekara bakwai ke nan a kan kalma biyu.

Sirrin Mai Tambaya

Wanda ke amsa tambayoyin 'yan gwagwarmaya yana riƙe da abin da hukuma za ta so sani, watau wa ya tambayi me. A 1972 aka tsare Zoia Horn, wadda ta yi aiki a laburaren Jami'ar Bucknell, kusan mako uku saboda ta ƙi ba da shaida a shari'ar wasu masu adawa da yaƙin Biyetnam. A 2005 hukumar bincike ta FBI ta aika wa wata gamayyar ɗakunan karatu a Jihar Connecticut takardar neman bayanan masu amfani da kwamfuta, tare da umarnin kada a gaya wa kowa. Ma'aikata huɗu suka ƙi, suka je kotu, aka ɗage takunkumin a 2006. Bayan tonon asirin da Edward Snowden ya yi a 2013 game da leƙen asirin jama'a, Alison Macrina ta kafa wani shiri mai suna Library Freedom Project, wanda ya shiga koya wa ma'aikatan laburare dabarun kare sirri a intanet don su koya wa jama'arsu.

Gardamar da Ba Ta Mutu Ba

A 1972 David Berninghausen na Jami'ar Minnesota ya rubuta cewa in ma'aikatan laburare suka rungumi fafutukar siyasa, jama'a za su daina yarda da su a matsayin masu ajiye kowane ra'ayi, kuma 'yancin karatu shi zai sha wuya. Bai kamata a yi watsi da wannan magana da garaje ba. Laburaren gwamnati na kowa ne, har da wanda ke goyon bayan yaƙin da ake zanga-zanga a kansa. Wannan ne ya sa aikin Radical Reference ya kasance na sa-kai, a wajen lokacin ofis, ba da sunan wuraren aikin mambobinta ba.

Haɗarin da ya fi wannan girma yana cikin gida ne. Mai binciken da ya ƙaunaci wata fafutuka yana iya fara tace amsa, ya kawo alƙaluman da ke faranta ran abokansa ya danne waɗanda ke ɓata musu lissafi. Ran da ya yi haka ya tashi daga ma'aikacin laburare ya koma maroƙi, kuma ƙungiyar da ya yi wa haka ita za ta ji kunya ran da abokan hamayya suka bankaɗo kuskuren a bainar jama'a. Iyakar da ta fi dacewa ita ce mutum ya zaɓi wanda zai ba lokacinsa da gwanintarsa, amma ba shi da zaɓi a kan abin da takarda ta ce. Bitar tantance labari da aka ambata a baya ta tsaya ne a kan wannan iyaka, domin rubutun da ake ja wa layi a cikinta na 'yan gwagwarmayar ne da kansu.

Sa'an nan akwai rauni irin na kowane aikin sa-kai. Mutane sukan gaji, wayoyin zamani kuma suka sa kowa na ɗauke da taswira a aljihu, har daga baya ƙungiyar ta dakatar da amsa tambayoyi ta intanet. Amma mambobinta da ɗalibansu sun bazu cikin wasu ayyuka. A 2011, da masu adawa da danniyar manyan bankuna suka mamaye dandalin Zuccotti a Niyok, an kafa laburare a fili wanda ma'aikatan sa-kai suka yi wa katalog a intanet, mai littattafai fiye da 5,000. Ran 15 ga Nuwamba 'yan sanda suka share dandalin cikin dare, littattafai da yawa suka salwanta ko suka lalace, katalog ɗin kuwa ya rage yana nuna abin da laburaren ya mallaka. A 2013 hukumar birnin ta yarda ta biya dala 47,000 diyyar littattafan. A 2014 kuma Melissa Morrone, ɗaya daga cikin 'yan Radical Reference, ta shirya littafi mai suna Informed Agitation, wanda ya tattara bayanan irin waɗannan ayyuka daga bakin masu yin su.

Ɗaya daga cikin makaman da aka lissafa yana nan a Nijeriya. Ƙungiyoyin kare haƙƙin 'yan jarida da na ɗan Adam sun fara neman dokar 'yancin samun bayanai tun 1993, aka kai ƙudurin majalisa a 1999, Shugaba Obasanjo ya bar mulki a 2007 bai sa masa hannu ba, sai ran 28 ga Mayu 2011 Shugaba Jonathan ya sa hannu. Dokar ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa, ba ta kuma bukaci mai nema ya faɗi dalilinsa ba. Ƙungiyar gari da ke son sanin nawa aka ware wa asibitin da aka fara aka bari tana da ikon tambaya a rubuce. Abin da wasiƙarta ke bukata shi ne sunan ma'aikatar da ta ba da kwangilar, da shekarar kasafin kuɗin, da irin takardar da ake nema, kuma kundin kasafin kuɗi da gazet na gwamnati suna cikin abubuwan da sashen takardun hukuma na laburaren jami'a ke ajiyewa.